Bakan Baba a Cikin Raɓa

Yanzu a kasuwa ake sayen baka. Ranar kasuwar Goronyo za ka same su jingine da rumfa, an ɗaure su dami guda kamar ƙotocin fartanya, saurayi ya zo ya zari ɗaya, ya ja shi sau biyu a gaban abokansa, ya rataya a kafaɗa ya yi gaba. Haka jikana ya yi a kasuwar da ta wuce. Ya shigo mini da shi zaure yana murmushi, na karɓa na jujjuya, na tambaye shi a ina ya gwada shi. Ya ce nan bakin rumfa. Na miƙa masa abinsa. Amma tun ranar na kasa zama wuri guda. In na zauna a zaure sai in tashi in koma gindin bango, in na koma gindin bango sai in ji kamar akwai abin da na bari a fadama ban ɗauko ba. Masu hali ma sun bar baka, sun koma bindigar da fatake ke kawowa daga kudu, wadda in ta tashi duk tsuntsun gulbi sai ya watse. Mu a zamaninmu ƙarar harbi ba ta wuce ta tsirkiya ba, ɗan kaɗawa guda kamar an taɓa molo, daga nan sai shiru. Ita nake nema a kunnena kwanakin nan, kuma duk sanda na kusa jin ta sai ta kai ni shekarar da geronmu ya ƙone.

Lokacin Wurno ba ta kai haka ba. Ganuwa ba ta tsufa ba, ana ganin sawun yatsun masu yaɓe a jikinta, daji kuwa yana nan kusa, har in ka fita ƙofa da sassafe kana iya tarar da kashin kura a kan hanya bai bushe ba. A gidanmu daga Baba sai Inna, sai ni, sai ƙanwata Kulu. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana. "Kai" take ce mini, ko "wanga" in tana magana da wani a kaina. Gashin baki ya fara tsiro mini, ina noma kafaɗa da kafaɗa da manya, amma ban taɓa mallakar baka ba. Na yara dai na yi, na reshen geza da igiyar rama, wanda ake harbin kurciya da shi, wannan kuwa ba a sa shi a lissafi. Gonakinmu biyu ne, ta gero a tudu, ta dawa a fadama wajen hanyar Dinawa, inda ƙasa take baƙa mai riƙe ruwa. A shekarar ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina. Geron tudu ya yi ciki ya tsaya, ganye ya nannaɗe, ya ƙone a tsaye muna kallo. Da ruwan ya dawo, dawa kaɗai ya tarar da rai. Ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa a gidan ya sani: abin da ke cikin gonar fadama shi ne tuwonmu har wata kaka.

Dawar ta fid da kai ke nan sai mugun dawa ya gano ta, wanda mu a nan muke ce wa gyado. Garken ba babba ba ne, sai dai akwai wani ƙaton namiji a gaba, mai haure a lanƙwashe kamar lauje. Da sassafe suke zuwa, kafin rana ta ɓullo, raɓa ta jiƙa komai. Kuma ba abin da suke ci ne ke kashe gona ba, abin da suke turewa ne. Ya sa ƙirji ya kwantar da kara, ya ɗan gutsiri zangarniya, ya wuce na gaba. Na yi shingen ƙaya, suka bi ta ƙarƙashi. Na riƙa buga ƙwarya ina ihu, suka saba da ni, har babban yakan ɗaga kai ya dube ni ya koma ga abinsa. Kowace safiya in na zaga gonar sai in tarar da sabon fili a tsakiyarta, kara a kwance kamar an shimfiɗa tabarma.

Baka guda ne a gidan, na Baba. Da ƙuruciyarsa ɗan baka ne, cikin waɗanda ake tsayarwa a kan ganuwa, ko a fita da su da rani in mahara sun matso. Wata shekara mashi ya same shi a kafaɗar dama. Raunin ya warke, amma hannun ya mutu, bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Daga nan ya koma tufkar igiya a zaure. Bakan na itacen dargaza ne, mahaifinsa ya sassaƙa shi, ya naɗe kansa na sama da na ƙasa da jar fata, ya ɗinke da hannunsa. Yana rataye a ɗakin girkin Inna, sama da murhu, don hayaƙi ya kore masa ƙwaro, har ya yi baƙi yana sheƙi. Duk unguwa an san shi. Da salla samari kan zo su roƙa a sauko da shi, su ja har jijiyar wuyansu ta tashi, Baba yana tufka yana dariya ƙasa-ƙasa. Ina jin abin da ya rage masa na ƙuruciya ke nan, cewa akwai baka a gidansa da ba mai iya kai shi kunne.

Ni ma na gwada. Na taka ƙafa, na cije, na ja, tsirkiya ta zo wajen gwiwar hannuna ta tsaya kamar an ɗaure ta da turke. Kulu tana bakin ƙofa da tsintsiya.

"Yaya, da haƙori ka ja ko da hannu?" in ji ta.

Sabon baka kuwa ba abin mako ba ne. Itacen da aka sara yau sai ya shekara a inuwa kafin a sa masa wuƙa, kuma ba mai ba da aron nasa a lokacin da kowa ke gadin gonarsa. Saura hanya guda, kowa ya gan ta, ba mai son faɗa. Inna ce ta faɗa, ranar da na dawo da zangarniyar da aka tattake a cikin riga na zube mata a gaba.

"To maigida," ta ce, tana tsintar ƙwayar daga ƙasa, "in dawag ga ta ƙare, bakan ga za mu daka mu yi tuwo?"

"Ke dai ji da tukunyakki."

"Ita nika ji da. Mi za ni sa mata?"

Baba ya ci gaba da murza igiya a cinyarsa har aka kira magariba. Washegari bayan azahar ya ce mini, "Sauko da shi, ka ɗauko min wuƙa."

Rage wa baka ƙarfi aiki ne na mai haƙuri, ni kuwa a lokacin ba ni da ko kaɗan. Baba ya sa bakan tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙe wuƙa da hagu, yana kankare cikinsa, wato gefen da ke kallon mai harbi. Bayan ba a taɓa shi, in an taɓa karyewa zai yi. Abin da ke sauka bai fi ɓawon albasa kauri ba. Baƙin hayaƙi ya fita, farin itace ya bayyana, zauren ya cika da wani ƙamshi da na tabbata rabon da a ji shi tun kakana yana da rai. Ya kankara kaɗan a sama, ya kankara kaɗan a ƙasa, ya ɗaga ya kanne ido ya duba ko gefe ya rinjayi gefe, sa'an nan ya miƙo mini. Gwajinsa kuma guda ne. In ja har babban yatsana ya taɓa kunne, in riƙe a nan har ya gama karanta gajeriyar sura a ransa, bakina a rufe, hannuna bai yi rawa ba.

"Ruhe baki," yakan ce. "Bakan da yab buɗe ma haƙora ba naka ba na."

Kowace rana haka, bayan azahar, zafi yana dukan jinka. In yamma ta yi a mayar da bakan sama da murhu. Ni kuwa da safe ina fadama ina buga ƙwarya ina kallon filin nan yana faɗi, da rana ina zaure ina kallon ɓawon albasa yana sauka. Ba na iya zama. In tashi in leƙa waje, in dawo, in tsuguna, in sake tashi. Wata rana na kasa daurewa.

"Baba, da an ɗan ƙara zurhi."

"Kai kas sassaƙa shi?"

"A'a."

"To zamna. Abin da wuƙa tac cire ba ni da inda za ni samo ma shi."

Yanzu na gane cewa ba tsoron ɓata itace kaɗai ke rage masa hannu ba. Kowane ɓawo da ya sauka, wani saurayin unguwa ne ya ƙaru cikin masu iya jan bakan. A lokacin ban ga wannan ba, dawa kawai nake gani.

Ranar da yatsana ya taɓa kunne ya zauna, Baba ya karanta surarsa ya gama bakina a rufe, sai ya ajiye wuƙar ya ce, "Shi ke nan. Ƙarhinka ke nan." Ya ɗauko kwarinsa ya zaɓa mini kibau na maƙeran Rabah, masu faɗin baki, ba dafi a jikinsu. Ba a ba sabon hannu dafi. Wanda bai saba zaro kibiya daga kwari ba kansa zai fara yanka. Saboda haka duk aikin yana kan bakan, shi ne zai tura ƙarfe ya huda fatar gyado ya kai inda rai yake. Muka gwada a kan tsohuwar fatar sa da aka jingina da dangar bayan gida, kibiya ta huda ta wuce. Inna ta yi guɗa ɗan kaɗan ta kama bakinta.

Da yamma na tafi da shi gona, na kwana a bukkar gadi, bakan yana jingine a ƙofa. Gari ya fara wayewa na tsuguna bayan wani suri, iska tana busowa daga wajen gulbi zuwa gare ni, yadda ba za su ji warina ba. Raɓa tana ɗiga daga ganyen dawa, rigata ta jiƙe ta manne mini. Sai na ji kara yana karyewa. Babban ya fito fili, ya ba ni gefe, kusa ƙwarai, ina ganin laka a bushe a gadon bayansa. Na ɗana kibiya na ja. Abin da na fara ji daɗi ne. Bakan ya zo mini kunne da sauƙi kamar yana jirana, har na ce a raina ashe ƙarfi ya ƙaru mini a dare guda. Na saki. Tsirkiya ba ta yi kukan da na sani ba, wani ɗan sauti ta yi kamar an bugi jiƙaƙƙen zane. Kibiya ta same shi daidai bayan kafaɗa, inda ake so, ta tsaya a fata tana lilo. Ya yi gurnani ya zabura, garken ya bi shi, suka ratsa tsakiyar gonar da gudu, wutsiyoyinsu a tsaye. Ɓarnar wannan gudun ta fi ta safiya uku. Na bi sawu na tsinci kibiyar a ƙasa, jinin da ke bakinta bai kai na kaciya ba.

Hantsi ya yi kafin in iso gida, rana ta busar da ni ta busar da bakan. Baba ya karɓi kibiyar ya duba.

"Ba ka kai kunne ba."

"Na kai, Baba."

"Ka ga haure hannunka ya mutu. Ba abin kunya ba na, kowa da ranash shi ta hwari."

"Wallahi na kai. Bakan na yay yi laushi."

"Ja mu gani."

Na ja. Ga shi nan da ƙarfinsa kamar jiya, sai da na yi da gaske yatsana ya taɓa kunne. Baba ya dube ni, ya dubi Inna, ya koma ga igiyarsa. Na san abin da hannuna ya ji a fadama, ga shi kuma hannun nan ya ƙaryata ni a zaure. Na fita na zaga bayan gida na dawo, na sake fita. Inna ta tare ni a bakin rumbu, rumbun da muryarka ke amsawa in ka yi magana a cikinsa.

"Kai," ta ce, "tahi Goronyo ka kira min Arzika. Ni da Kulu mu buga ƙwarya kahin ku zo."

Kawu Arzika ƙanin Inna ne, maharbi, kuma da damina yakan taɓa kamun kifi a gulbi. Tsakaninsa da Baba akwai wasa irin na miji da ƙanin mata, ba su haɗuwa ba su taɓa juna ba. Yini guda na yi a hanya, na kwana, muka juyo tare. Ba zai iya zama ya yi mana gadi ba, shi ma yana da tasa gonar ya bar wa yara, amma ya ce zai duba. Da ya shigo aka gaisa, bai tambayi komai ba sai da ya sha fura. Sa'an nan ya shiga ɗakin girki ya sauko da bakan da kansa, ya kai hanci ya shinshina.

"Yaya, wanga baka na ko kihi banda?"

"Aje shi, ba na masunta ba na."

"Nan kuka aje shi kullum, bisa murhu?"

"Tun ba a haihe ka ba."

"Kuma da rana kunka gwada?"

"Da dare aka gwajin baka garinku?"

Kawu ya yi dariya, ya zauna a kan turmi, ya ɗora bakan a cinya. "Yaya, tsakaninka da Allah, ka taɓa halbi da damana?"

"Wa ka yaƙi da damana? Doki nutsewa shikai."

"To gyado ba shi jiran rani."

Baba ya ce zancen banza ne, itace itace ne. Kawu bai yi gardama ba. Ya ce a ba shi bakan ya kwana da shi a gona, Baba kuma ya daure ya zo da asuba ya ga dawar da ake magana a kanta, tunda rabonsa da fadama tun shuka.

Ya zo. Na hango shi cikin hazon safiya yana dogara sanda, bakin wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Ya tsaya ya dubi filayen da ke tsakiyar gonar, ya daɗe yana kallo. Kawu ya ɗauko bakan daga ƙofar bukka, raɓa tana gangarowa a jikinsa, ya miƙa masa.

"Ba yaro za ya ja ba. Kai za ka ja."

"Arzika, wasa da iyaka."

"Ba wasa nikai ba, Yaya. Taɓa dai."

Baba ya karɓa da hagu. Ya sa yatsun hannun daman nan a kan tsirkiya, hannun da bai iya ɗaga buta cike da ruwa, ya ɗan ja don ya nuna ba zai motsa ba. Bakan ya biyo shi. Ya biyo shi har ƙirji, inda kafaɗar ta ƙi, ba bakan ba. Ya tsaya a haka, yana kallon hannunsa. Ya mayar a hankali. Kwaɗi suna ta kuka a bakin ruwa. Shekarunsa duka da rani ya yi harbi, itace a bushe, tsirkiyar fata a ɗame. Bai taɓa riƙe baka a jiƙe ba, balle wanda aka fere wa tsohuwar fatarsa ta mai da hayaƙi, farin itace yana shan laima kamar ƙasa. Ya auna ƙarfina daidai, bai yi kuskure ko kaɗan ba. Bakan da ya auna ne ba ya zuwa fadama.

"Na ce maka ba ka kai kunne ba," ya ce, bai dube ni ba. "Ka kai."

Sa'an nan ya juya ga Kawu. "An rage. Ƙaƙa aka maida shi?"

"Ba a maidawa. Sai dai a gajarta. In an datse kai sama da ƙasa, icce ya yi gajere, ƙarhi shi dawo."

"Kai sama da ƙasa."

"Inda jaw hwatag ga take, Yaya. Na sani."

"In ya karye hwa?"

"In ya karye ya karye. Tsohon icce na, ban iya yi ma alkawali."

Nan ne na ji tsoro na gaske, don in ya karye ba baka, ba dawa. Baba ya shafa ɗinkin mahaifinsa da babban yatsa, sama da ƙasa. Na ɗauka zai ce a bari a yi shawara a gida. Sai ya miƙa bakan ya ce, "Yanke nan. Yanzu, tun raɓa ba ta ɗauke ba."

A nan bakin gona aka zaɓa mini ƙarfin bakana na farko, kuma ban ƙara ganin an yi wa wani haka ba. Kawu ya datse kaɗan a kowane kai, ya fere sabon wurin ɗauri, ya murɗa tsirkiya ya shafe ta da kakin zuma don kada ta sha ruwa. Bai bar ni na tsaya ba. Ya ce a tsugune zan yi harbi, to a tsugune zan gwada, gwiwa cikin laka, riga a jiƙe, ciki ba komai. Na ja, ya zo, da ɗan nauyi. Kawu ya ce ya isa haka, kada a matsa wa tsohon itace. Baba ya ce bai isa ba, fatar gyado ba ta barewa ba ce. Suka shiga musu a kaina kamar ba na wurin, wannan ya ce mutanen birni ba su san dabba ba, wancan ya ce masunta ba su san ƙarfe ba. Rana tana hawa, ni ina kallon raɓa tana bushewa a kan ganye. Baba ne ya katse.

"Mu duka ba mu za mu ja ba. Kai, mi ka gani?"

Ba a taɓa tambayata ra'ayi a kan komai ba kafin wannan safiya. Na sake ja, na riƙe, na tuna yadda kibiyar ta yi lilo a fata.

"A ƙara kaɗan."

"In an ƙara," Kawu ya ce, "da rana ba ka kai shi kunne. Samari su yi ma dariya."

"Da rana ba ni da aiki da shi, Kawu."

Ya dubi Baba, Baba ya ɗaga masa kai. Ya ƙara datsewa. Jar fatar ta sauka gaba ɗaya, guntaye biyu a cikin laka. Da na ja a karo na ƙarshe itacen ya yi wata 'yar ƙara a ciki, dukanmu muka ɗauke numfashi, amma ya riƙe. Ya zo kunne da ƙyar, ya zauna, bakina a rufe. Ya zama gajere, mummuna, fari a ciki baƙi a baya, kuma in an saki yakan mari hannu. Kawu ya shafe cikin da man kaɗanya, ya ce kada ya ƙara ganin murhu sai dawa ta shiga rumbu, ya kama hanyar Goronyo tun kafin azahar.

Yanzu wannan fadamar duk albasa ce da shinkafa, mace ita kaɗai tana iya bin hanyar Rabah da tulu a kai, gyado kuwa sai an shiga can cikin dajin Gundumi. In na gaya wa samari cewa bakan rana daban, na asuba daban, ko da itace guda ne, sai su ce tsufa ne. Suna tambaya wane baka ne mai ƙarfi, kamar ƙarfin yana zaune cikin itace yana jiransu. Ba mai tambaya a ina zai tsuguna, ko mene ne zai huda. Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda tuwonsa bai taɓa rataya a kan kibiya guda ba, ba abin da zai sa ya kwana da baka a raɓa.

Garken bai dawo washegari ba, sai da aka ɗan kwana biyu, ni kuwa kullum ina bayan suri, ƙafa ta yi sanyi, ido a kan kara. Ranar da suka dawo babban ne a gaba kamar kullum, da ɗan tabon kibiyata a kafaɗa. Wannan karon bakan bai yi mini daɗi ba, sai da na nemo ƙarfi daga baya da cinya. Tsirkiya ta yi kukanta. Kibiyar ta shige har rabin kyauro. Ya yi gudu kaɗan zuwa bakin shinge, ya durƙusa, ya kwanta. Sauran suka watse ta hanyar da suka shigo, kuma da babu mai ja musu gaba ba su ƙara ratsa gonar ba sai gefe-gefe. Naman ba na ci ba ne a wurinmu. Na sa igiyar Baba na ja shi zuwa bayan gona na bar wa ungulu, na wanke hannu da kibiya a gulbi. Abin da na fara kashewa ke nan da baka, ko loma ban kai gida ba. Da na faɗa, Kulu ta ce maharbin gidanmu ungulu yake yi wa farauta. Inna ta ce ta rufe mata baki, ta ƙara mini fura.

Dawar da ta tsira ba ta cika rumbu ba. Ta wuce rabi dai, kuma da tafasa da rama da ɗan kifin da Kawu ke aikowa, ta kai mu har sabon gero. Ba mu ƙoshi ba a shekarar, amma ba mu bar gida ba, alhali akwai maƙwabtan da suka bari.

Bayan an gama ɗaurin dami, rani ya kama, sai manzon mai unguwa ya fara zaga gidaje, kamar yadda ake yi a garin ribaɗi mai tsaron iyaka, yana tambayar kowane gida baka nawa zai fitar in an buga gangar ganuwa. Shekaru yana wuce ƙofarmu da gaisuwa kawai, don ya san hannun Baba. Ranar ma ya yi sallama, ya tambayi lafiya, ya juya zai tafi. Ina daga ciki ina gyaran danga. Na ji Baba ya kira shi.

"Ba ka tambaye mu ba."

"Ai na san gidan ga, Baba. Bakanka ba mai ja nai."

"Ni ba ni da baka," Baba ya ce. "Amma akwai guda gidan ga. Tsaya in kira ma mai shi."